Sabuwar jita, tsohon kunne: idan jitar lantarki ta shigo gidan haya a zango

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kayan sauti a kewayen Circle ya san wannan ƙorafin. Mutum zai sayi jitar lantarki ranar Asabar, ya gwada ta a shago, ya yi murmushi, ya biya. Ranar Litinin sai ga shi ya dawo da ita rataye a kafaɗa, fuska a murtuke, yana cewa ba ita ya saya ba, a nan tana da zaƙi, a gida kuwa kamar ana yanka kwanon rufi. Mai shago ya jona ta, ta yi daɗi kamar shekaranjiya. Sai a tsaya ana kallon-kallo, kowa na zargin ɗan uwansa. Galibi kuwa ba wanda ya cuci wani. Jitar tana nan yadda take. Ɗaki ne ya canza, wuta ta canza, kunne kuma bai saba ba.

Da a shago maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma 'yan shekarun nan abin ya shigo gidajenmu. A Nima, a Maamobi, a Newtown, da nan Kokomlemle inda nake, yaran da muka haifa a Ankara (haka iyayenmu ke kiran Akra, mu ma ba mu daina ba) suna tara kuɗin gyaran waya da na tsaron shago su sayo jita. Wani uban sai dai ya dawo daga kasuwa ya tarar da ita jingine a bayan ƙofa. Kuɗi ne masu kauri aka zuba, ga maƙwabta a gidan da ɗaki goma ke kallon tsakar gida ɗaya, ga kuma wutar lantarki da ba ta san wasa ba. Ni wayar wuta da soket da ƙwan fitila nake sayarwa, shekara talatin ke nan, don haka ta wannan ƙofar zan shiga.

Jitar da ba ta da murya

Gurmi da garaya da molo, duk jikinsu ne ke magana. Ƙwarya ko katakon da aka fafe, da fatar da aka ɗaure a kai, su ke ɗaukar motsin tsarkiya su fitar da shi. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos gwangwani ne da fata da tsarkiya ɗaya, amma ya cika fili. Jitar katako mai rami a ciki ita ma haka take. Ta lantarki kuwa gungumen katako ne, babu rami. Kaɗa ta ba tare da ka jona ba, da ƙyar na ƙofar ɗaki zai ji.

Sirrin yana ƙarƙashin tsarkiyoyin. Akwai wasu 'yan sanduna na maganaɗisu da aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Ni kunnen jita nake kiran abin. Idan tsarkiyar ƙarfe ta yi rawa a samansa, sai wata 'yar wuta kaɗan ta taso a cikin naɗin, ta bi igiya zuwa amfilifaya, ita kuma ta kumbura ta, ta miƙa wa lasifika. Shi ya sa tsarkiyar roba ba ta aiki a kanta, maganaɗisu bai san roba ba. Shi ya sa kuma wanda ya sayi jita kaɗai rabin kaya ya saya. Sauran rabin yana cikin amfilifaya da ɗakin da aka ajiye ta.

A Amurka aka fara sayar da irinta a farkon shekarun 1930. Siffar da aka fi gani a shagunanmu, mai ƙaho biyu da kunne uku, ta Fender Stratocaster ce da ta fito a 1954, kodayake yawancin masu araha da ke sauka a Tema kwaikwayo ne daga Sin ko Indunusiya. Kwaikwayon ba laifi ba ne. Wasu suna da kyau ƙwarai idan an saita su.

To, yaro ya gwada jita a shago mai cike da kwalaye da labule da akwatunan lasifika, abubuwan da ke shanye kaifin sauti, ga hayaniyar titi tana rufe sauran. Kuma mai shago ba wawa ba ne, a babbar amfilifayarsa zai jona maka. Sai a kawo ta ɗakin siminti mai tayil a ƙasa da kwano a sama, a jona ta a 'yar ƙaramar amfilifayar da aka haɗo a ciniki. Sautin ya daki bango ya dawo, ya daki ƙasa ya dawo. Ga sababbin tsarkiyoyi, waɗanda dama kwanakinsu na farko tsiwa gare su, kuma suna ta saki har sai sun gama miƙewa. Dole kunne ya ce an canza masa kaya.

Akwai wani abu da ƙalilan ke lura da shi. Lasifika tana harba siririn sauti ne kai tsaye gabanta, kamar hasken tocila. Yaro ya ajiye amfilifaya a ƙasa tana kallon ƙwaurinsa, shi yana jin sautin a dushe, sai ya ƙara murɗa mamurɗin kaifi. Uwarsa da ke zaune a kan tabarma a tsakar gida daidai saitin ƙofa, ita ce ke karɓar allurar a kunne. Su biyun duk gaskiya suke faɗi idan suka yi gardama. A ɗora amfilifayar a kan kujera ta kalli kansa, a juya ta ga barin ƙofa, a shimfiɗa darduma ko tsohon bargo a ƙasa, a rataya labule mai kauri. Kafin a kashe sidi ɗaya, rabin rigimar ta tafi.

Wannan gurnanin kuma fa?

Nan ne fagena. Wutar da ECG ke ba mu bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa. Kunnen jita mai naɗi ɗaya ba ya bambance tsarkiya da wannan kai da komowar, duk ɗauka yake. Shi ne gurnanin nan mai kama da na tsohon firji da ake ji ko ba a taɓa komai ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka haife shi. Tun 1957 kamfanin Gibson ya fara sa kunne mai naɗi biyu, ƙirar wani injiniya Seth Lover, inda naɗi ɗaya ke kashe gurnanin ɗayan. A jita mai kunne uku, ɗan makunnin nan mai tsayawa wuri biyar yakan yi irin wannan aikin a matsayi na biyu da na huɗu, a yawancin ƙirar yanzu. A gwada. Idan gurnanin ya ragu a can, jitar lafiyarta ƙalau.

Sai kuma ƙarin da gidajenmu ke yi. Cajar waya ta bogi, ƙwan fitila mai araha, mamurɗin fanka, duk suna watsa ƙazantarsu, jita kuma tana tsinta. A cire su ɗaya bayan ɗaya za a gane mai laifin. Wani lokaci juyawa kawai makaɗin zai yi ya fuskanci wani bangon, ƙarar ta faɗi. Igiyar jita ma tana da nata. Wadda ake bayarwa kyauta a kwali, araha ba ta ado.

Inda nake son iyaye su buɗe kunne shi ne wayar ƙasa. Filoginmu mai ƙafa uku ne, irin na Ingila, kuma ƙafar nan ta sama ba kwalliya ba ce. Ita ke janye wuta zuwa ƙasa idan wani abu ya ɓaci a cikin na'ura. Na shiga gidaje da yawa a zango inda soket ɗin ke da rami uku amma waya biyu ce kaɗai a bayansa. Tsarkiyoyin jita kuwa a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin igiya. Idan amfilifaya ta samu matsala kuma babu hanyar ƙasa, hanyar da ta rage ita ce hannun yaron, yana tsaye ba takalmi a kan siminti. Ba tsoratarwa nake ba. Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, haka ya mutu a gidansa a 1976, yana riƙe da jitar da ba a haɗa mata ƙasa yadda ya kamata ba. Idan ka taɓa tsarkiya gurnani ya ragu, wannan daidai ne. Idan ka taɓa ka ji tsam a yatsa, zare filogi nan take, ka kira mai gyaran wuta na ƙwarai.

Haka kuma a duba bayan amfilifayar da aka sayo ta hannu. Wadda ta fito daga Amurka ko Kanada ta bolt 120 ce. Jona ta kai tsaye a bangonmu, hayaƙi za ka gani. Tana buƙatar taransifoma mai rage wuta. Kuma mu da muka ga dumsor daga 2012 zuwa 2016 ba sai an gaya mana abin da dawowar wuta da ƙarfi ke yi wa kaya ba. An ɗauke wuta, a zare filogi.

"Kawu, jitar nan tana tona mini asiri"

Ɗan ƙanwata da ke taya ni tsaron shago ya yi shekara biyu yana koyo da jitar katako kafin ya sayi ta lantarki. Kwana huɗu da sayenta, muna buɗe shago, sai ya ce, "Kawu, jitar nan tana tona mini asiri. A waccan na iya, a wannan kuwa kamar yau na fara." Na ce masa, "Yaro, bar ta ta yi wata ɗaya a hannunka tukuna. In har lokacin ba ku shirya ba, ni zan nemo maka mai saye."

Abin da ya kira tonon asiri gaskiya ne. Amfilifaya ba ta zaɓe. Gogar yatsa a kan tsarkiya, tsarkiyar da ba a kaɗa ba amma take rawa don 'yar uwarta, farcen da ya taɓa inda bai dace ba, duk sai ta ɗaga su. A jitar katako sauti yana mutuwa da wuri, ya tafi da kuskuren. A nan yana daɗewa. Dole hannu ya koyi sabon aiki, wato yin shiru: gefen tafin dama da yatsun hagu su riƙa danne tsarkiyoyin da ba a so su yi magana. Sannan tsarkiyar lantarki ta fi sirantaka da laushi. Wanda ya saba matse ta katako da ƙarfi, in ya matse wannan haka sai sautin ya haura sama kaɗan, ya zaci saitin jitar ne ya ɓaci. Sassauta hannu ne maganin.

Yara kuma suna son mamurɗin nan da ke sa sauti ya yi gurnani kamar babur. Suna kai shi ƙarshe tun ranar farko. Shawarar da masu sana'ar ke bayarwa ita ce a fara da sauti tsaf, kaifi da tsakiya da kauri duk a tsaka-tsaki, a zauna a haka kwanaki, sannan a riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kunnen da ke kusa da wuyan jita yana ba da sauti mai taushi, na kusa da gindinta kuma mai yanka. Mai koyo a ɗakin siminti, na wuyan ya fi masa. A kuma sani cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin kaurin sauti sosai idan an rage ƙara, saboda haka jitar da ta yi daɗi da rana za ta yi kamar ta rame da dare in an rage ta. Ita ce dai.

Yaron bai sayar ba. Abin da ya ba ni dariya shi ne, bayan mako shida ya ɗauki tsohuwar ta katakon ya ce ita ce yanzu yake ji kamar an toshe mata baki.

Me ya sa dattawanmu ke haɗa rai

Kokomlemle ba baƙuwar kiɗa ba ce. Layin Tip Toe da ake cinikin wayoyi a yau ya gaji sunansa ne daga wani tsohon gidan rawa da ƙungiyoyin highlife suka yi tashe a cikinsa. Joy FM da ta fara aiki a 1995 a nan unguwar take. Jita kuwa ta daɗe a wannan gaɓar. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru daga Laberiya suka yaɗa salon kaɗa ta da yatsa biyu, Kwame Asare da abokansa suka naɗi Yaa Amponsah a Landan a 1928, daga baya su E.K. Nyame da Nana Ampadu suka mai da ita kiɗan gari duka. Sai dokar hana fitar dare ta farkon mulkin Rawlings a shekarun 1980, da harajin da aka ɗora wa kayan kiɗa, suka durƙusar da gidajen rawa. Makaɗa da yawa suka tafi Jamus da Ingila da Najeriya, waɗanda suka rage da dama suka koma kaɗa wa coci-coci.

Ka ga ke nan, dattijon zango da ya rayu cikin wannan zamanin wuri biyu ya san jitar lantarki da su: gidan giya da coci. Idan ya ji ta a ɗakin ɗansa, ba ƙarar ce kaɗai ke damunsa ba. Ina ganin ya kamata yara su fahimci wannan kafin su ce tsoho ya cika takura.

Amma su ma iyaye su san abin da yaran ke kallo a waya. Da yawansu ba Turawa suke kwaikwayo ba, Buzayen Nijar ne masu rawani. Bombino ɗan Agadas ya kai har jerin 'yan takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018. Mdou Moctar, bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. A Yamai akwai Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar. Wanda ya saurari yatsun mutanen nan zai ji ɗan uwan molo da gurmi a ciki, sai dai an sa masa wuta. A nan gida ma, 'yan VIP daga Nima suka fito suka sa Hausa a bakin matasan Gana baki ɗaya, kodayake su ba da jita suka yi suna ba.

Maganar hukuncin kayan kiɗa masu tsarkiya kuwa, malamai sun yi ta tun kafin a haifi kakanninmu, da yawa sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Wannan fagen malamai ne, kowane gida ya tambayi wanda ya yarda da iliminsa. Abin da na gani da idona shi ne, gidan da aka fasa jita a fusace, yaron bai daina kiɗa ba. Ya dai koma yin sa a inda ba a ganinsa.

Maƙwabta, da dokar gari

Zo mu zauna, zo mu saɓa. A gidan haya akwai mai jego, akwai direban tirela da ya kwana a hanya daga Paga, akwai Hajiyar da ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora koko da ƙosai, akwai yaran da ke karatun jarrabawa. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Gana a unguwannin zama ita ce desibel 55 da rana, 48 da dare daga ƙarfe goma. Wannan bai kai ƙarfin hirar mutum biyu da ke kusa da juna ba. Kowa ya san Nima ta wuce haka da nisa ko babu jita, tsakanin janareta da lasifikar masu wa'azi da ta masu biki. Amma maƙwabci ba hukuma zai kai ka ba, wurin mai gida zai kai ka, kuma ɗaki a Ankara ba abin wasa ba ne, musamman ga wanda ya biya kuɗin shekara biyu a gaba.

Sannan mu baƙi ne a ƙasar Ga. Kowace shekara, wajen watan Mayu zuwa Yuni, sarakunan gargajiyarsu suna hana kiɗa da hayaniya na kusan wata guda kafin bikin Homowo, hukumar birni kuma tana mara musu baya. Masallatai da coci-coci ma ana neman su tsare sautinsu a cikin gini. Yaron da ya fito da amfilifaya ƙofar gida a wannan watan yana iya jawo wa gidan duka magana. Kuma mun tuna 2018, lokacin da ministan muhalli Kwabena Frimpong-Boateng ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta saƙon waya ko WhatsApp, da yadda ran jama'armu ya ɓaci. Maganar ƙara a garin nan tana da ƙaiƙayi. Bai kamata mu ba wa kowa hujja a kanmu saboda jitar yaro ba.

Abin farin ciki, a nan jitar lantarki ta fi ta katako sauƙin zama da mutane, domin tana da mamurɗi. Yawancin ƙananan amfilifayoyi suna da ramin jona abin saƙalawa a kunne, yaro ya yi ta fama har dare ba wanda ya sani. Mai ƙarfin wat 10 ko 15 ta ishi ɗaki har ta yi yawa. Kada a bari mai shago ya ruɗe ku da manyan lambobi. Sai dai abin kunnen shi ma yana da nasa haɗarin, tunda babu uwar da za ta ji ta ce a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Idan ya cire abin ya ji kunnensa na ƙara kamar kukan gyare, ya wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

A gidanmu abin da aka tsayar shi ne: lasifika daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, a kashe duk lokacin salla, ranar Juma'a babu sai yamma, sauran lokaci a kunne. Mai gidan aka fara gaya wa, da goro, kafin a fara. Wata tsohuwa da ta fi kowa ƙorafi a makon farko, yanzu in ta ji shiru kwana biyu sai ta aiko a tambaya ko yaron lafiya.

Saura maganar kaya a matsayinsa na kaya, tunda mu 'yan kasuwa ne. Iskar Ankara da gishirin teku take tafe, tana cin tsarkiya da tsatsa cikin 'yan makonni, sautin ya dushe a zaci jitar ce ta gaji. A goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, a mai da jitar jakarta. Tsarkiya daga waje ake kawo ta, farashinta dala yake bi, kuma wanda ya ga abin da sidi ya yi a 2022 ya san ma'anar haka. Lokacin hunturu kuma, ko in an ɗauke ta zuwa Tamale, Yamai ko Kano, katakon wuyan yana bushewa ya ɗan motsa, tsarkiya ta fara gogar ƙarafan wuya tana zizza. Akwai wani ƙarfe a cikin wuyan da ake murɗawa a daidaita shi, amma aikin mai gyara ne, kada yaro ya sa masa sifana. Kuma a adana rasit da kwalin. Jitar da ke da su ta fi saurin samun mai saye a Circle, in ranar sayarwar ta zo.